Immanuwel: Abin da Kirista Ke Nufi In Ya Ce Allah na Tare da Mu

Daga tsakiyar Disamba, motocin Billiri da Kaltungo ba sa daɗewa a layi a tashar Gombe. Haka ma na Dass da Tafawa Ɓalewa da Bogoro a Bauchi. An gama kaka, hunturu ya sauko, 'yan gida da ke aiki a Jos da Kaduna da Abuja suna ta kwararowa. A majami'u kuwa, ko ECWA ce ko COCIN ko Angilikan ko Katolika ko Baftis, akwai suna guda da ya fi kowane yawo a bakin masu wa'azi da 'yan kwaya da Zumuntar Mata a waɗannan makonni, shi ne Immanuwel, wato Allah na tare da mu.

Sai dai in ka tsaya a ƙofar coci ka tambayi masu fitowa me wannan "tare" ɗin yake nufi, amsa za ta rarrabu. Wani zai ce ai Allah yana ko'ina. Wani ya ce yakan ji shi a zuciyarsa in ana waƙa. Wani kuma ya ce tun da ya ga ƙarshen shekara lafiya, ga hatsi a rumbu, ai Allah na tare da shi. Kowannensu ya taɓo wani gefe, amma abin da ikilisiya take koyarwa game da Kirsimeti ya fi waɗannan nauyi. Cewa take Allah da kansa ya shigo rayuwar ɗan Adam, a garin da aka sani, a zamanin sarakunan da aka san sunayensu, ya ɗauki jiki da rai irin namu, kuma ƙauna ce ta kawo shi. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa da irin wannan tunani ta buɗe: a dā Allah ya yi magana ta bakin annabawa sau da yawa ta hanyoyi dabam-dabam, a ƙarshe ya yi magana ta wurin Ɗansa.

Inda sunan ya fito

Ba a wurin biki aka fara ambaton Immanuwel ba. A Ishaya sura 7 yake, wajen shekara 734 kafin haihuwar Almasihu. Sarakuna biyu, Rezin na Suriya da Feka na Isra'ila, sun haɗa kai za su faɗa wa Urushalima. Ahaz sarkin Yahuza ya tsorata, shi da jama'arsa, har littafin ya kwatanta su da itatuwan jeji da iska ke kaɗawa. Annabi Ishaya ya same shi a bakin magudanar ruwan birni, ya ce masa ya roƙi alama daga Allah. Ahaz ya ƙi, ya fake da cewa ba zai gwada Ubangiji ba, alhali dabararsa tana wani wuri: littafin Sarakuna na biyu sura 16 ya nuna ya kwashi azurfa da zinariya daga Haikali ya aika wa sarkin Assuriya don ya zo ya cece shi. A nan ne Ishaya ya ce Allah da kansa zai ba da alama, budurwa za ta yi ciki ta haifi ɗa, a kira shi Immanuwel.

Mai wa'azin da ya tsallake wannan tarihi ya yi asarar rabin ƙarfin sunan. Ga mutanen da aka yi wa zobe aka faɗa shi, ga sarkin da ya fi amincewa da sojan haya fiye da Allah.

Matiyu ne ya ɗauko ayar ya ɗora ta a kan haihuwar Yesu, a sura 1 aya 23. Bai kuma bar ta nan ba. A sura 18 aya 20 Yesu ya ce inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu, a aya ta ƙarshe ta littafin kuma, 28:20, ya ce yana tare da almajiransa kullum har ƙarshen zamani. Farko da tsakiya da ƙarshe, igiya ɗaya ce ta ɗinke littafin.

Kusanci ba iri ɗaya ba ne

Yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa, domin Littafi Mai Tsarki yana maganar kusancin Allah ta fuska fiye da ɗaya, mutane kuwa sukan cakuɗa su.

Akwai kusancin Mahalicci da halittarsa. Zabura 139 ta ce ko ka hau sama ko ka gangara lahira, yana can. Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa Allah ba shi da nisa da kowannenmu. Wannan ya shafi kowa da kowa, mai bi da marar bi, kuma ba ya bukatar Kirsimeti.

Sai kusancin alkawari. A Fitowa 25:8 Allah ya ce a yi masa wuri mai tsarki don ya zauna a cikin jama'arsa. Aka kafa alfarwa ta sujada a tsakiyar zango, kabilu goma sha biyu kewaye da ita, uku a kowace kusurwa. Allah yana tsakiya, amma da shamaki: akwai farfajiya, akwai Wuri Mai Tsarki, sannan bayan labule akwai Wuri Mafi Tsarki wanda babban firist kaɗai ke shiga, sau ɗaya a shekara, shi ma da jinin hadaya a hannu. Kamar gidan sarki ne a tsakiyar gari. Kowa na ganin katangarsa, ba kowa ke wuce zaure ba.

Yanzu a dubi Yohanna 1:14, inda aka ce Kalman, wato Ɗan Allah, ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Kalmar Helenanci da aka fassara "ya zauna" daga kalmar alfarwa take, ma'anarta ya kafa bukkarsa. Wanda ya san Tsohon Alkawari zai gane nan take cewa Yohanna yana nufin alfarwar nan ta jeji ta zama mutum mai tafiya da ƙafa, wanda kuturu zai iya tararsa a hanya, mace mai zubar jini ta taɓa gefen rigarsa, yara su hau cinyarsa. Shi ya sa Matiyu 27:51 ya kula ya rubuta cewa sa'ad da Yesu ya mutu labulen Haikali ya tsage biyu, daga sama zuwa ƙasa. Wannan kusanci na uku shi ne batun Kirsimeti. Abin da ya biyo baya, wato zaman Ruhu Mai Tsarki a cikin masu bi, da alkawarin Ru'ya ta Yohanna 21:3 cewa mazaunin Allah zai kasance tare da mutane, duk a kansa suka tsaya.

Yadda ikilisiya ta auna maganar

Cewa "Allah ya zama mutum" magana ce mai sauƙin faɗa, mai sauƙin karkacewa. Ikilisiya ta yi fiye da shekara ɗari tana tace ta a manyan taruka. A Nikiya a 325 aka tabbatar cewa Ɗan ainihinsa ɗaya ne da Uban, ba halitta ba ne, saɓanin koyarwar wani firist mai suna Ariyus. Atanasiyus na Iskandariya, ɗan Afirka, shi ya fi kowa shan wahala wajen kare wannan matsayi, an kore shi daga kujerarsa sau biyar. A Afisa a 431 aka ƙi raba Yesu gida biyu. A Kalsidon a 451 aka kammala: mutum guda ne, cikakken Allah kuma cikakken ɗan Adam, ba cakuɗawa, ba sākewa, ba rarrabawa, ba rabuwa.

Mai karatu zai iya cewa wannan gardamar malamai ce. A'a, kowace Disamba takan dawo cikin misalan da malaman makarantar Lahadi ke bayarwa da kyakkyawar niyya. Wani ya ce Allah ya sa jikin mutum kamar yadda ake sa riga. Matsalar riga ita ce ba ta jin yunwa, ba ta jin tsoro, ana kuma tuɓe ta. In jikin Yesu riga ce, to kukansa a kabarin Li'azaru wasan kwaikwayo ne, Allah kuma bai kusato ba, leƙowa kawai ya yi. Wani ya ce kamar shayi da madara ne. Nan kuma an sami abu na uku, wanda ba shayi ba ne ba madara ba, wato Yesu ya zama rabi da rabi, bai cika Allah ba bai cika mutum ba. Wani kuma ya ce mutumin kirki ne da Allah ya ɗaukaka daga baya. In haka ne, mutum ne ya hau, ba Allah ne ya sauko ba, sunan Immanuwel ya tashi a banza. Wani malamin ikilisiya na ƙarni na huɗu, Giregori na Naziyanzus, ya taƙaita dalilin duka: abin da Almasihu bai ɗauka ba, bai warkar da shi ba. In bai ɗauki tunani da gajiya da baƙin cikin mutum ba, waɗannan suna waje da cetonsa. Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada shi ta kowace hanya kamar mu, sai dai bai yi zunubi ba.

Shawara ga mai koyarwa: gara ka karanta wa yara Markus 4, inda Yesu ya yi barci a jirgi don gajiya sannan ya tashi ya tsawata wa iska ta kwanta, ka bar labarin ya yi aikinsa, da ka nemo misali daga kicin.

A Bauchi da Gombe, inda Kirista da Musulmi ke zaune unguwa ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya, tambayar "Ɗan Allah" ba ta rasa tasowa. Abu biyu ya kamata Kirista ya riƙe. Na farko, babu wata ikilisiya da ke koyar da cewa Allah ya yi aure ko ya haihu irin haihuwar mutane. Luka 1:35 ta ce da ikon Ruhu Mai Tsarki Maryamu ta yi ciki, kalmar "Ɗa" kuwa tana nuna dangantakar da ke nan tun fil azal, kafin a yi Maryamu. Na biyu, kada a ce wa maƙwabci ai duk abu ɗaya ne. Alƙur'ani ya tabbatar da haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba, ya kuma ce Allah ya fi kusa da mutum fiye da jijiyar wuyansa, amma Musulunci bai yarda Allah ya zama mutum ba, Kiristanci kuwa a kan wannan ya ginu. Bambancin na gaske ne. Faɗinsa a fili cikin ladabi ya fi mutunta maƙwabci fiye da shafa masa mai a baki.

Abin da Luka da Matiyu suka rubuta

Labarin haihuwar gajere ne. Sura biyu a Matiyu, sura biyu a Luka, Markus bai taɓo shi ba sam. Abin da wasan kwaikwayon yara ya ƙara masa ya kusa fin abin da ke rubuce.

Daga Nazarat zuwa Baitalami tafiya ce da ta kusa nisan Bauchi zuwa Gombe, ga Maryamu mai tsohon ciki tare da Yusufu, saboda ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta. Ba a ambaci jaki ba. Ba a kuma ambaci mai masauki da ya rufe musu ƙofa ba. Kalmar da Luka ya yi amfani da ita a 2:7, wadda aka fassara "masauki", ita ce ya sake amfani da ita a 22:11 don ɗakin baƙi inda aka ci jibin ƙarshe, alhali a labarin Basamariye mai tausayi wata kalma dabam ya sa wa masaukin haya. Saboda haka masana da yawa suna ganin gidan dangi ne ya cika maƙil, ɗakin baƙi ba wuri, aka sauke su a sashen da dabbobi ke kwana, aka kwantar da jariri a komi. Duk wanda ya taɓa komawa ƙauye ranar 24 ga Disamba ya tarar an shimfiɗa tabarmi har zaure, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Masana taurari daga gabas ba a ce su uku ne ba, kyautai ne uku: zinariya da lubban da mur. Ba a ce sarakuna ne ba. Matiyu ya ce a gida suka sami yaron, kuma yadda sarki Hirudus ya sa a kashe yara maza na Baitalami daga shekara biyu zuwa ƙasa ya nuna an ɗan jima da haihuwar.

Akwai wata aya da ba a cika karantawa ba, amma ta fi kowace nuna irin gidan da Allah ya zaɓa. Luka 2:24 ta ce da aka kai yaron Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu suka miƙa. Littafin Firistoci 12:8 ya bayyana cewa wannan hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago ce. Talakawa ne, a rubuce. An yi masa kaciya aka raɗa masa suna a rana ta takwas, kusan yadda ake suna a ƙasar Hausa bayan mako guda, aka kuma kai shi Haikali bayan kwana arba'in, adadin da kowace mai jego a nan ta sani. Daga nan sai gudun hijira zuwa Masar da dare. Jerin kakanninsa ma a Matiyu 1 bai ɓoye kome ba: ga Tamar, ga Rahab, ga Rut Bamowabiya, ga matar Uriya. Zuriya ce mai baƙi da abin kunya a ciki, irin ta kowa.

Ranar kuwa, babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce 25 ga Disamba. Shaida mafi daɗewa ta bikin a wannan rana daga Roma take, a shekarar 336. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha ranar 7 ga Janairu suke yi, Armeniyawa 6 ga Janairu. Shekarar ma akwai kuskure a lissafin shekarun miladiyya da wani malamin ikilisiya, Diyonisiyus, ya yi a 525, domin Hirudus ya mutu shekara 4 kafin shekarar da aka ɗauka ta haihuwa. Wannan bai rage kome ba, aukuwar abin ake tunawa, ba takardar haihuwa ba.

Yadda ake shirya lokacin

Katolika da Angilikan suna da Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu kafin Kirsimeti, na farkon yakan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Tsarin karatu tara da waƙoƙi, wanda ya faro a Ingila a 1880, yakan fara da Farawa 3 ya ƙare da Yohanna 1, kuma hikimarsa tana cikin jerin: sai an ji mutum ya ɓuya a lambu Allah yana kiransa yana ina, sannan zuwan Baitalami yake yin ma'ana. In aka cika tsakanin karatun da sanarwa da gasar kwaya har zaren ya tsinke, an yi taro ne kawai.

A gida, hanyar da aka fi sani ita ce karanta Luka, sura ɗaya kowace rana daga 1 zuwa 24 ga Disamba, tun da sura 24 gare shi. Inda take lalacewa shi ne ranar farko: sura 1 aya 80 ce, yara sun yi barci kafin a kai waƙar Zakariya, washegari kowa ya ja baya. A raba dogayen surori biyu, rabi da safe rabi da dare. Gidan da ba zai iya wannan ba ya ɗauki dare bakwai daga 18 ga wata, minti goma zuwa sha biyar bayan tuwon dare: Farawa 3:8-15, sai Fitowa 40:34-38, sai Ishaya 7:10-14, sai Mika 5:2-4, sai Luka 1:26-38, sai Matiyu 1:18-25, sai Luka 2:1-20 a daren 24, a ajiye Yohanna 1:1-18 don safiyar Kirsimeti. A bar yaro ya karanta ko da yana tuntuɓe. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma in akwai kaka a gidan da ta fi jin Tangale ko Zaar ko Waja, a sa wani ya maimaita mata da harshenta. Bikin da ke cewa Allah ya zo inda mutum yake bai dace a yi shi da harshen da tsohuwa ba ta ji ba.

Inda abin ke karkacewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna kusancin Allah da yadda zuciya take ji. Ganga da waƙar Zumuntar Mata suna motsa rai, ba laifi. Amma a kowace majami'a akwai matar da wannan ce Kirsimetinta ta farko ba mijinta, akwai wanda ya baro ƙauyensu ba da son ransa ba. In an koya musu cewa alamar kasancewar Allah ita ce farin ciki, za su koma gida da tabbacin ya bar su. Koyarwar kuwa akasin haka take. Zabura 34:18 ta ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya. Matiyu bai cire kukan Rahila, wato makokin uwayen yaran da Hirudus ya sa aka kashe, daga labarin haihuwar ba, tsohon tsarin ikilisiya ma ya sa tunawa da Istifanus, wanda aka jajjefe, ranar 26, da yaran Baitalami ranar 28. Mai shirya sujada ya keɓe ko minti biyar ne a ambaci waɗanda suka rasu cikin shekarar, a yi addu'a domin iyalansu, kafin a koma rawa.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne auna shi da abin hannu. A sujadar daren 31 ga Disamba, in duk masu ba da shaida na sabuwar mota ne da ƙarin girma, wanda gonarsa ba ta yi ba zai ji kamar shi aka ware. Kurciyoyin nan biyu na Maryamu sun isa amsa. Mai jagora ya nemi shaida iri-iri tun kafin ranar, har da ta wanda bai samu abin da ya roƙa ba amma yana tsaye.

Sai bashi. Anko na kwaya, anko na zumunta, anko na dangi, ɗinkin yara, kuɗin mota da ya ninka, ga kuɗin makaranta yana jira a farkon Janairu. Maigida ya fara ware kuɗin makaranta da na komawa bakin aiki, abin da ya rage shi ne na biki. Shugabannin ƙungiyoyi kuma su sani duk ankon da aka wajabta yakan hana wani zuwa coci ranar, don kunya. Watanda dabara ce mai kyau in an tsara ta: a tsayar da yawan kaso tun farko, a karɓi kuɗi kafin a je kasuwar shanu, a raba a gaban kowa. Rigima takan taso ne in an karɓi sababbin mutane bayan an sayi saniya. Masu watanda na kaso ashirin za su iya yin ashirin da ɗaya, na ƙarshen ya tafi gidajen da ba su iya shiga ba. Gidaje da yawa kuma sukan kira Musulmi ya yi yankan don maƙwabta su ci da kwanciyar rai, al'ada ce da ta cancanci a riƙe.

Akwai kuma tsayawa a komi. Jariri ba ya tsawata wa kowa, shi ya sa kowa ke son sa. Amma a Matiyu 1, aya biyu kafin Immanuwel, an ba da ɗaya sunan tare da dalilinsa: Yesu, domin zai ceci mutanensa daga zunubansu. Wa'azin da ya ɗauki suna ɗaya ya bar ɗaya yakan mai da Allah abokin hira da ba ya neman tuba. Makiyayan da mala'ika ya kai wa labarin haihuwar ma tsoro suka fara ji kafin murna. Yohanna 3:16 da 1 Yohanna 4:9-10 duk sun ɗaure ƙaunar da aikowar Ɗan, ta biyun kuma ta kai maganar har hadayar gafarar zunubi. Ikilisiyoyin da ke cin Jibin Ubangiji a ranar Kirsimeti wannan haɗin suke nunawa.

Ziyara

Zumunta a ƙafa take, kuma a Matiyu 25 Yesu ya ce wanda ya ziyarci mara lafiya ko ɗan kurkuku, ko ya sauki baƙo, shi ya yi wa. Wannan ne wurin da koyarwar take sauka ƙasa, kuma shi aka fi yi da ka.

A makon farko na Disamba dattawan ikilisiya su zauna da shugabannin Zumuntar Mata, don su suka san cikin gidaje, a rubuta suna unguwa unguwa: waɗanda aka yi wa rasuwa cikin shekarar, marasa lafiya da ke kwance, tsofaffin da 'ya'yansu ba za su zo ba, 'yan gudun hijira, ɗaliban da ba su da kuɗin komawa gida, da masu aikin asibiti ko tsaro da za su kwana a bakin aiki. In ba a rubuta ba, gidajen da aka saba ne za a sake zuwa, marar dangi a ikilisiya ya sha mantuwa.

Mutum biyu ko uku sun isa gida ɗaya. Tawagar mutum talatin da ganga takan jefa mai gida cikin neman kujeru da ruwan sha, ya ƙare yana hidimar waɗanda suka zo yi masa hidima. A aika tukuna a tambayi lokacin da ya dace. Minti ashirin zuwa talatin ya wadatar, ga mara lafiya ma ƙasa da haka. Abin da za a kai ya zama wanda zai kwana biyu, kamar mudun shinkafa biyu, kwalbar mai, sabulu, da bargo ko rigar sanyi ga tsoho, don sanyin ƙarshen Disamba ba wasa ba ne. A bar waya a aljihu. Hoton gwauruwa riƙe da buhu a Facebook ya karɓe mata fiye da abin da aka ba ta.

Magana kuma a taƙaita. "Mama, mun zo gaishe ki ne, ya ƙarin haƙuri?" ya isa buɗe ƙofa, sai a yi shiru a saurara. Kada a ce wa mai makoki ya daina kuka don yau ranar murna ce, kada kuma a kawo masa dalilin da ya sa Allah ya ɗauke nasa. In tsoho ya ce, "Ɗana, ni bana ban ga Kirsimeti ba," ba gyara yake nema ba. A ce, "Baba, shi ya sa muka zo," a tambaye shi ko a karanta masa Zabura 23, a yi gajeriyar addu'a da sunansa.

Kafin a tashi a sa ranar dawowa, a kuma rubuta ta. Zuwa 3 ko 4 ga Janairu motocin da suka kawo mutane sun kwashe su, gidajen sun koma shiru, abincin biki ya ƙare. A raba sunayen nan ga mutane ɗaiɗai, kowa da gida ɗaya ko biyu, ziyara ta biyu a mako na biyu na Janairu, ta uku wajen 2 ga Fabrairu, ranar da kwana arba'in ke cika.